Kafin a Kai Yarinya Asibiti: Wa Zai Biya Kuɗin Binciken Kare Yaran Bosso?

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, titin Bosso da ke Minna cike yake da yara. Wasu sanye da kayan makaranta, an cusa su huɗu-huɗu a Keke Napep. Wasu 'yan mata ne ɗauke da farantin talla, na gyaɗa ko awara ko ƙosai, suna bin shaguna da garejin makanikai. Ga almajirai da robobinsu suna leƙa gidajen da suke yi wa shara da ɗiban ruwa. Da yawansu ta gaban ƙofar tsohuwar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya suke wucewa, jami'ar da aka kafa tun 1983, wadda ke cike da malaman da bincike ne sana'arsu.

Taku kaɗan ne tsakanin yaran da ke bakin titi da masanan da ke cikin katanga. Amma da za a tara iyaye da malamai da masu unguwanni a tambaye su: yara nawa aka yi lalata da su bara a Tudun Fulani ko Rafin Yashi ko Maikunkele, a wane irin wuri, da wane lokaci, kuma me ya kare waɗanda suka tsira? Kowa zai kawo labarin da ya ji, da abin da yake zato. Labari da zato kuwa ba sa isa a tsara yadda za a kare yaran gari guda. Aikin yana buƙatar bincike, bincike kuma yana cin kuɗi, a nan ne gizo ke saƙar.

Abin da aka taɓa ƙirgawa

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun shiga gidaje a sassan Najeriya suna tattaunawa a keɓe da matasa sama da 4,000 masu shekara 13 zuwa 24. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka ta Yamma da ta yi irin wannan bincike. Sakamakon ya girgiza mutane. Yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Mafi yawan waɗanda abin ya faru da su, ba sau ɗaya ya faru ba. Waɗanda suka samu wani taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. A watan Satumban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a kan wannan sakamako.

Tun kafin nan, wasu likitocin yara sun bi takardun marasa lafiya a Babban Asibitin Minna da na Suleja, suka wallafa abin da suka gani a mujallun likitanci a 2011. A wuraren biyu, mafi yawan waɗanda aka kawo saboda fyaɗe yara ne. Wannan aiki ne mai daraja, domin ya nuna da hujja cewa matsalar tana nan cikin gida, ba labarin wata ƙasa ba ce.

Sai dai takardar asibiti tana nuna yaran da aka kai asibiti ne kawai, kuma kowa a Minna ya san yadda akasarin irin wannan magana ke ƙarewa. Uwa ta lura 'yarta tana ɗingishi ko ta daina cin abinci. Aka matsa, yarinya ta ambaci sunan maƙwabci, ko mai shago, ko ɗan'uwan da ke kwana a ɗakin zaure. Kafin gari ya waye dattawa sun shiga tsakani. “A rufa wa yarinya asiri.” “In magana ta fita wa zai aure ta?” “A bar wa Allah.” A ba da kuɗin magani, a gasa ta da ruwan zafi, a kashe maganar. Na yara maza kuwa ya fi wannan ɓoyuwa, don kunyar ambaton luwaɗi kaɗai ta isa ta rufe bakin gida gaba ɗaya. Abin da ke isa hannun likita ko ɗan sanda cikin cokali ne.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A watan Oktoban 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata sama da miliyan 370 da ke raye a duniya an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu tun suna yara, kuma miliyan 79 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara suke.

Kuɗi na zuwa ne bayan ɓarna

Ba za a ce Jihar Neja ta naɗe hannu ba. Ta kafa dokar kare haƙƙin yara a 2010, shekara bakwai bayan ta tarayya, lokacin da jihohin Arewa da dama ke ta ja-in-ja a kanta. Tana da hukuma ta musamman mai kula da haƙƙin yara, wadda ke karɓar ƙorafi tana bin shari'u. A Minna akwai cibiyar Rayuwa, ɗaya daga cikin cibiyoyin da ake kai waɗanda aka yi wa fyaɗe don a duba lafiyarsu, a kwantar musu da hankali, a kuma adana shaidar da kotu za ta nema, irin cibiyar Waraka ta Kano da Salama ta Kaduna. Yana da kyau kowane uba da uwa su san cewa maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe dole a fara shan sa cikin awa 72, don haka kwanakin da ake ɓatawa wajen sulhun cikin gida na iya jawo wa yaro ciwon da zai bi shi har ƙarshen rayuwa.

A matakin ƙasa ma an yi motsi. Hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe a watan Nuwamban 2019. A watan Yunin 2020, Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya bayyana cewa an kai rahoton fyaɗe 717 cikin wata biyar na farkon shekarar, gwamnonin jihohi 36 kuma suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A watan Satumba na wannan shekarar Jihar Kaduna ta sa hannu a dokar dandaƙe wanda aka samu da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Duk waɗannan matakai suna da abu guda da ya haɗa su: sai an riga an cuci yaro suke fara aiki. Likita, ɗan sanda, alƙali, gandiroba, kowannensu yana jiran wanda aka riga aka ɓata. Hukunci wajibi ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage shi. Amma hukunci yana kaiwa ne ga wanda aka kama, alhali binciken 2014 ya nuna cewa mafi yawan yara ba sa ma kai ƙara.

Ko a ƙasashe masu arziki haka rabon kuɗin yake. Farfesa Elizabeth Letourneau, wadda ke jagorantar cibiyar Moore ta rigakafin lalata da yara a Jami'ar Johns Hopkins, ita da abokan aikinta sun lissafa cewa Amurka na kashe kimanin dala biliyan 5.4 duk shekara wajen tsare manyan da aka ɗaure saboda lalata da yara. Sai a 2020 majalisar ƙasar ta fara ware wa hukumar CDC kuɗi na musamman don binciken rigakafi, kuma dala miliyan 1 ce kacal, kafin ta kai miliyan 2 a 2022. Wato a kan kowace dala guda da aka sa a neman hanyar hana abin faruwa, ana kashe dubbai a gidan yari.

Me ake nufi da binciken rigakafi?

Mutane da yawa in sun ji kalmar rigakafi, abin da ke faɗo musu shi ne taron wayar da kai: a kama ɗakin taro, a buga riguna da huluna, a yi jawabai, a raba lemo, a watse. Binciken rigakafi tambaya ɗaya yake yi wa duk wani shiri irin wannan: bayan an gama, yawan yaran da ake cutarwa ya ragu ko bai ragu ba? Yadda ake gano amsa kusan iri ɗaya ne da yadda manomi ke gwada sabon iri. A zaɓi makarantu, misali arba'in, a jefa ƙuri'a a raba su gida biyu, a gudanar da shirin a rabi, a bar rabi a yadda suke, bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo a kwatanta.

An yi haka a unguwannin talakawa na Nairobi, babban birnin Kenya. Wata ƙungiya mai suna Ujamaa Africa ta riƙa koya wa 'yan mata darasi shida na awa bibbiyu: yadda za su gane take-taken mai mugun nufi, yadda za su ce a'a da babbar murya, yadda za su kufce su gudu. Yara maza kuma ana koya musu mutunta mata da kawo ɗauki in sun ga ana cin zali. Masana daga Jami'ar Stanford suka auna, suka ga fyaɗe ya ragu da kusan rabi a makarantun da aka yi shirin. Amma da aka sake wani gwaji mafi girma a kan yara ƙanana 'yan firamare, ba a ga irin wannan ragin ba. Sakamakon biyu duka riba ne, domin na biyun ya nuna inda shirin ba ya ci.

Haka kuma a 2015 wasu masana sun tattara gwaje-gwaje 24 na darussan kare kai da ake koyarwa a makarantu, waɗanda suka shafi yara kusan 6,000. Sun tabbatar cewa yara suna koyon darasin, suna riƙe shi, kuma akwai alamar sun fi faɗa in wani ya taɓa su. Ko hakan yana rage yawan cin zarafin kansa, wannan gwaje-gwajen ba su kai ga nunawa ba. Sannan akasarinsu a Amurka da Kanada da Turai da Asiya aka yi, babu ko ɗaya daga Afirka.

Wani reshen binciken ya juya ne ga masu aikatawa, don bai dace a ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai nauyin kare kanta daga ƙato ba. Alƙaluman 'yan sandan Amurka sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu lalata da yara, su ma yara ne da ba su kai 18 ba. Shi ya sa cibiyar Moore ta tsara darasi ga 'yan shekara 11 zuwa 13 kan iyakar da ke tsakaninsu da ƙannensu. A Jamus kuwa, asibitin Charité da ke Berlin ya buɗe wani shiri tun 2005, inda mutumin da ke jin zuciyarsa na karkata ga yara zai je a asirce a taimaka masa ya riƙe kansa kafin ya taɓa kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan dabaru da aka gwada a wani kundi mai suna INSPIRE a 2016, mai ɗauke da hanyoyi bakwai, ciki har da tallafa wa iyaye, gyara muhallin da yara ke zirga-zirga, da ƙarfafa samun kuɗin gida.

Tambayoyin da Bosso kaɗai za ta amsa

Darasin da aka rubuta wa yaron Amurka ko Jamus ba za a ɗauko shi a sauke a Hayin Gwari ya zauna daidai ba. Bosso tana da nata yanayin, kuma kowane ɓangare nasa tambaya ce da ke jiran mai bincike.

Ɗauki talla. Kowa na cewa talla ce ke jefa 'yan mata cikin haɗari, amma uwar da ke aika 'yarta da farantin awara ba don ƙiyayya take yi ba, da ribar ake cefane ana tara kayan ɗaki. Hana talla da baki an daɗe ana yi. Abin da ya kamata a gwada shi ne: in aka ba uwa ɗan jari ko tallafin wata-wata bisa sharaɗin yarinya ta zauna a aji, haɗarin na raguwa? In 'yan talla suna tafiya bibbiyu, ba sa shiga ɗaki ko kango ko da an ce za a saye duka, kuma suna komawa gida kafin magariba, me ke canzawa?

Ga gidajen haya, inda iyali biyar ko shida ke raba tsakar gida da banɗaki ɗaya, ga ɗakunan samari da ɗalibai a gefe. Ga dubban mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga Shiroro da Munya da Rafi, waɗanda a 2021 har makarantun firamare na cikin Minna suka zama musu masauki, wasu kuma suka watsu gidajen 'yan'uwa. Yaron da ya rabu da ƙauyensu, ya rasa uba, yana kwana a inda aka samu, ya fi kowa zama abin farauta. Ga almajiri da ke kwana cikin gardawa, ba shi da uwar da zai kai wa kuka. Ga kuma waya, wadda ta sa baƙo na iya shiga ɗakin yarinya ta Facebook ko WhatsApp ba tare da ya yi sallama a ƙofar gida ba.

Akwai kuma batun harshe. Garin da ake magana da Gwari da Nufanci da Hausa da Fulatanci, ga Yarbawa da Ibo, da waɗanne kalmomi uwa za ta yi wa ɗanta bayanin jikinsa ba tare da kunya ta hana ta ba? Malamin Islamiyya yana da ƙofa a buɗe, don tun a babin tsarki yake koyar da al'aura, kuma addini ya yi umarni da raba wa yara makwanci da neman izini kafin shiga ɗaki. Malamar makarantar Lahadi a coci ita ma tana da tata hanyar. Ko darasin da ya fito daga bakinsu ya fi na ma'aikacin wata ƙungiya shiga zuciyar yaro da iyayensa, abu ne da za a iya aunawa. Kuma Minna ba ta rasa waɗanda za su riƙe wannan aiki ba. A nan aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, a 1985 ƙarƙashin jagorancin marigayiya Hajiya Aisha Lemu, kuma a nan hedikwatar Islamic Education Trust take.

Daga aljihun wa?

Binciken da ya shafi yara da irin wannan ciwo ya fi sauran bincike tsada, kuma da dalili. Dole kwamitin ɗa'ar bincike ya tantance shi. Mace ce za ta tambayi yarinya, namiji ya tambayi yaro, a wurin da ba mai jin su, bayan horo na makonni. Dole a tanadi mai ba da shawara da motar kai yaro asibiti, domin haramun ne a sa yaro ya buɗe cikinsa sannan a rufe littafi a tafi a bar shi. Kuma dole a dawo bayan shekara biyu ko uku, wanda ke nufin kuɗin da ba ya yankewa a tsakiya.

Har yanzu mafi yawan irin wannan kuɗi daga waje yake zuwa. Binciken 2014 da tallafin Amurka da UNICEF aka yi shi, cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da dama kuma da tallafin Birtaniya da Tarayyar Turai suka tashi. Shekarar 2025 ta nuna haɗarin dogaro da tabarmar aro, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje ta kuma rushe hukumar USAID, ayyuka da dama a Afirka suka tsaya cak.

Alhali akwai rijiyoyi a gida. Asusun TETFund, wanda ake cikawa da haraji daga ribar kamfanoni, yana da kason bincike na ƙasa da ya kai naira biliyan 8.5 a 2021, kuma yana da rukuni na musamman don nazarin zamantakewa, baya ga ƙananan tallafi da yake ba jami'o'i da kwalejojin ilimi na gwamnati. Jami'ar Fasaha ta Minna ta riga ta nuna tana iya riƙe babban bincike: ita ke da cibiyar Afirka ta nazarin gubar fumfuna a hatsi da lafiyar abinci, wadda Bankin Duniya ya tallafa. Tana da tsangayar horar da malamai, da masana lissafi da ƙididdiga, da masana tsara birane da za su iya zana taswirar lungunan da yara ke tsoron bi, har da gidan rediyonta, Search FM. Ga Kwalejin Ilimi ta Jiha a Minna, ga Jami'ar IBB a Lapai, ga likitoci da ungozomomi a asibitocin gari. Abin da ya rage shi ne a fito ƙarara a ce ga kuɗi an ware don wannan tambaya, a gayyaci masana su yi takara a kai, a kuma wajabta musu bayyana sakamako da harsunan da mutanen gari ke ji, ko shirin ya yi nasara ko bai yi ba.

Ga mai ganin kuɗin ya yi yawa, wani nazari da gwamnatin tarayya da UNICEF suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa asarar samun kuɗi da cin zarafin yara ke jawowa a Najeriya ta kai naira biliyan 967, sama da kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Attajiran da ke gina masallatai da rijiyoyin burtsatse a Minna su ma suna iya kafa waƙafi da zai ɗauki nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku a wannan fanni.

Kenya ta nuna amfanin komawa a sake aunawa. Ta yi bincikenta na ƙasa a 2010, inda kusan kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata suka ce an ci zarafinsu ta hanyar lalata suna yara. Ta sake yi a 2019, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 16. A Najeriya kuwa, har yau alƙaluman 2014 ake karantawa a duk taron da aka kira kan kare yara, daga Abuja har Minna.

Mafi ƙanƙanta cikin waɗanda aka tambaya a wancan binciken shekararsu 13 a lokacin. Yanzu sun haura ashirin, da yawansu sun yi aure, 'ya'yansu na cikin waɗanda ake riƙe wa hannu ana tsallakar da su titin Bosso zuwa makaranta. A ƙarshen kowace shekara gwamna kan kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokokin Jihar Neja a Minna, kwamitoci su zauna su bi shi layi-layi, su kira ma'aikatun mata da ilimi da lafiya su kare abin da suka nema. A wannan zama ne ɗan majalisar da ke wakiltar Bosso ke da damar tambayar nawa aka ware don gano abin da ke kare waɗannan yara, da kuma wa aka ɗora wa aikin.